Tsarin Gyaran Makarantu: Littafi na Ɗaya Muke ta Saye, Ina na Biyu?

Masu jiran ci-gaban labari su yi mini uzuri zuwa mako mai zuwa, don yau wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro game da makarantun ƙasarmu ta Gobir, musamman Gatawa da ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, kuma in ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi tafiya ba.

Akwai wata kalma da ta kama bakin manyan ma'aikatan ilimi a ƙasar nan, ita ce "tsari". Akwai dogon tsari na shekara goma da jiha ke rubutawa, akwai ƙaninsa na shekara uku, akwai wanda aka ce kowace makaranta ta rubuta nata na bunƙasa kanta, sannan ga abin da suke kira ƙarfafa ma'aikata, wato a tara shugabanni a otal a koya masu yadda ake tafiyar da ofis. Ni karatuna a sakandare ya tsaya, ban da digirin da zan yi jayayya da masu wannan ilimi. Amma ina da ido, ina kuma da dangi a can. Abin da nake gani shi ne, duk waɗannan kundaye ana rubuta su ne domin wata irin makaranta mai gini a tsaye, mai malamin da ya kwana a gidansa, mai yaran da za su wayi gari a garin da suka kwanta. A Gatawa kuwa ko ɗaya daga cikin ukun nan ba abin da mutum zai dafa Alƙur'ani a kansa ba ne.

Ku da kuke karanta littattafanmu kun san al'adarmu. Marubuci ya fitar da littafi na ɗaya, ya kai labari inda ya yi zafi, ya ce mu haɗu a na biyu. To in ya kuskura wata shida ya wuce na biyu bai fito ba, ko ya fito an ga labarin bai haɗu da na farko ba, wallahi 'yan mata ba za su raga masa ba. Za su yi masa wasiƙa, za su kira waya, za su je wurin mai shago a kasuwar Sabon Gari su yi ƙorafi, kuma in ya sake fitar da wani sabon littafi sai ya yi kwantai. Kasuwa ce ke yi mana horo. Masu tsara ilimin Sakkwato su kam ba mai yi masu wannan horo, shi ya sa shekara sama da ashirin ke nan littafi na ɗaya suke ta sayar mana, bango kawai ake sauyawa.

Ku duba ku gani. A ranar 30 ga Satumba 1999, a cikin garin Sakkwato ɗin nan Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ga Najeriya baki ɗaya, lokacin gwamnan jiha Attahiru Bafarawa ne, ɗan ƙaramar hukumar Isa. A 2004 aka yi dokar da ta ware wa shirin kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta ce ilimi kyauta ne kuma tilas ne har shekara tara. Daga nan aka ce kowace makaranta ta kafa kwamitin mutanen gari da zai kula da ita, wanda malamai ke ce wa SBMC. Amurkawa suka zo da nasu shirin a Sakkwato da Bauci. UNICEF da kuɗin Ingila suka zo da na ilimin 'ya'ya mata daga 2012 zuwa 2022, har da ba iyaye mata naira 5,000 duk bayan wata uku don su bar yarinya ta zauna a aji. Ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Tambuwal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka naɗa majalisar shawara ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ilimi ya kwashi kaso mafi tsoka a kasafin 2016. A wannan tsakani aka samu dala miliyan 100 ta shirin NIPEP da jihohi biyar suka raba, Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato. A 2023 kuma aka shigar da jihar cikin shirin 'yan mata na Bankin Duniya mai suna AGILE. Kowanne da taron ƙaddamarwarsa, da riguna da huluna masu tambari.

Ban ce ba a tsinana komai ba. An gina babbar sakandare a Balle ta ƙaramar hukumar Gudu, wadda a da ba ta da ko ɗaya. Littattafan Mu Karanta da aka raba wa 'yan firamare aiki ne mai kyau, na ga yaran da suka iya haɗa baƙi da su tun suna aji biyu. Wanda ya yi abin kirki a faɗa.

Amma yanzu ku ajiye waɗancan shekaru a gefe guda, ku ɗauko wasu ku jera kusa da su. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka gudu Gandi, a makarantar firamare aka sauke su. Tun ranar ya kamata duk mai rubuta tsarin ilimi ya san cewa aji a gabashin Sakkwato ya fara wani aikin da ba karatu ba. A Mayun 2020 aka kashe mutum sama da 70 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni, su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A Disambar wannan shekara, bayan kwashe ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana 16, a ciki har da sakandaren Isa da ta Sabon Birni da kwalejin fasaha ta Bafarawa. A Satumbar 2021 aka kai wa sansanin jami'an tsaro hari a Burƙusuma, kwanaki kaɗan aka shiga Gatawa kanta, a watan ne kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Kafin shekarar ta ƙare jaridu suka ruwaito cewa mutanen Bello Turji sun kai ga naɗa masu gari na kansu a Gangara da Makwaruwa suna sa wa talakawa haraji, aka kuma ƙone matafiya da ransu a cikin mota a kan hanya. Sai a ƙarshen Yulin 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba yana dawowa daga Sakkwato tare da ɗansa. Duk mun ga hoton bidiyon dattijon nan a ɗaure yana roƙon a cece shi. A watan Agusta suka kashe shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yi shahada.

Ga littattafai biyu nan a gabanku, na otal da na daji, shekarunsu ɗaya, jiharsu ɗaya. Don Allah ku nuna mini shafin da suka haɗu.

Bari in shiga cikin tsarin kansa, don kada a ce ihu kawai nake yi. Ginshiƙin gyaran makaranta a takarda shi ne kwamitin nan na mutanen gari. A cikinsa akwai mai gari ko wakilin hakimi, da hedimasta, da liman, da wakilan mata da na iyaye da na tsofaffin ɗalibai, har da yara biyu. Su za su zauna su duba abin da makaranta ke buƙata, su rubuta tsarin shekara, a turo masu kuɗi ta asusun banki, shugaban kwamiti da hedimasta su sa hannu su ciro, su yi aiki, su kawo rasit. A Bodinga ko Wamakko wannan dabara ce mai kyau. Amma duk nauyinta a wuyan masu sarauta yake, domin a ƙauyenmu uba ba ya sakin ɗansa zuwa boko don takardar ma'aikata, sai don mai gari ya yi magana, mai gari kuwa da bakin hakimi yake magana. To ƙasar da aka ɗauke hakiminta a kan titi, aka riƙe shi sama da mako uku, aka kashe shi, wane mai gari ne zai tara mutane a ƙofar gidansa ya ce ku kawo yara? Shi ma fa lissafin inda zai kwana yake yi.

Sai maganar kuɗin. A garin da kowa ya san akwai masu kai wa 'yan daji rahoto, ka sanar a gaban mutum goma sha biyar cewa an turo wa makaranta kuɗi kuma wane da wane ne ke sa hannu, ai ka rataya wa bayin Allah nan biyu ƙararrawa a wuya. Banki kuma ba a bayan gida yake ba, sai an hau hanyar nan da sarki ma bai tsira a kanta ba. In an dawo lafiya an sayi kwano an yi rufi, sabon kwano mai ƙyalli a ƙauyen da ake karɓar haraji da bindiga shaida ce cewa mutanen nan suna da abin bayarwa. Mai duba makarantu da tsari ya ce zai riƙa zuwa kowane wata, a kan wane babur, da ran wa? Waɗannan tambayoyi ba sa buƙatar digiri. Duk wani ɗan acaɓa a tashar Sabon Birni zai yi maka su kafin ka gama gaisawa da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin ba a gayyatarsa otal.

In an gayyace shi ma, ga yadda take kasancewa. Wani ɗan'uwana malamin firamare a yankin an taɓa kiransu bita ta kwana uku a cikin birni. Aka ba su jaka da biro, aka raba su rukuni-rukuni, aka manna manyan takardu a bango, wani ƙwararre da aka ɗauko haya ya ce kowace makaranta ta rubuta burinta, da ƙarfinta, da rauninta, da damar da take da ita, da barazanar da ke fuskantarta. Ɗan'uwan nawa ya rubuta a gurbin barazana cewa garin da makarantarsa take ya tashi, yaransa rabi suna cikin Sabon Birni, rabi sun tsallaka Nijar. Aka ce masa wannan batun tsaro ne, ya rubuta abin da makaranta za ta iya magancewa da kanta, kamar makara da rashin shara. Ya rubuta makara da rashin shara. Aka tafa masa, ya sa hannu ya karɓi kuɗin zama, ya koma ɗakin hayar da yake fakewa da iyalinsa. Wannan takarda tasa tana nan cikin wani kundi, an ƙirga ta cikin makarantun da suka kammala tsarin bunƙasa kansu.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jinta: tsaro ba aikin ma'aikatar ilimi ba ne, na soja ne da gwamnatin tarayya. Gaskiya ne, ba wanda ya ce kwamishinan ilimi ya ɗauki bindiga ya shiga daji. Amma meye amfanin tsari in ba shirin abin da ba ka da iko a kansa ba? Manomin Gobir ba shi ke saukar da ruwa ba, amma in ya ga damina ta makara ya san irin geron da zai shuka, ya san abin da zai bari a rumbu. Wanda ya ce zai zauna da tsarinsa na shekarar lafiya har sai lafiya ta dawo, ya yanke shawara ke nan cewa yaron da aka haifa a Gatawa a 2018 ya wuce shekarun firamare bai san baƙi ba. Ya fito fili ya faɗa mana haka, ya daina ɓoyewa a bayan kundi.

Ko tsarin da aka yi musamman don tsaron makarantu bai san da zamanmu ba. Bayan Cibok a 2014 an yi shiri, Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Oslo ta kare makarantu a 2015, an yi babban taron duniya a kanta a Abuja a 2021, a ƙarshen 2022 aka fitar da tsarin naira biliyan 144.8 na shekarun 2023 zuwa 2026. Hankalinsa na kan katanga da ƙofa da masu gadi da cibiyar kiran gaggawa, abubuwan da suka dace da babbar makarantar kwana. Firamaren ƙauye mai aji uku da ba ta da ko ƙyaure fa? A Maris 2024 da aka kwashe almajirai 15 a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada, wace katanga ce za ta hana?

Asalin cutar a ganina ita ce, masu tsari gini suke ƙirgawa. Makaranta a wurinsu lamba ce a jerin sunaye, da aji kaza, da bandaki kaza, da benci kaza. Kuma mun san dalili, kada mu yaudari juna: gini kwangila ne, kwangila kuwa tana da kaso, tana da hoton buɗewa da almakashi. Bin yaro zuwa inda ya yi hijira ba shi da ko ɗaya. Saboda haka sai ka tarar da malami sunansa na kan makarantar garin da ya zama kufai, albashinsa na tafiya, shi yana zaune a birni ba laifinsa ba, yaransa kuma suna can suna gararamba a kangon gini a Sabon Birni ko Isa ko gefen Sakkwato, ko sun cunkushe a ajin da malami ɗaya ke fama da yaran garuruwa uku. Wasu sun bi iyayensu ƙasar Maraɗi, wajen 'yan'uwanmu na Gidan Rumji da Tsibiri, da matsugunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, inda bokon da Faransanci ake yinsa. Duk 'ya'yan jihar Sakkwato ne, dokar 2004 da su take. Haɗa wancan malami da waɗannan yara aikin takarda ɗaya ce daga ofishin sakataren ilimi, da rumfa, da allo, da ɗan alawus na hatsari. Wannan shi ne gyaran tafiyar da ma'aikata na gaske, kuma bai kai kuɗin shayin bita ɗaya ba. A ɗauki 'ya'yan garin da suka gama NCE suna zaune, waɗanda in gari ya tashi tare da su zai tashi, in ya dawo tare za su dawo. Baƙon malami daga birni harbin farko zai nemi canjin wurin aiki, kuma ba mai ganin laifinsa.

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne da sai an ɗauko ƙwararre daga Landan. A ƙasar nan aka yi shi. Mu Gobirawa ba mu cika son tuna yadda aka kare da mu a Alƙalawa a 1808 ba, amma gaskiya ɗaya ce. Bayan jihadi, ƙasa ba ta zauna ba, ana ta hare-hare tsakanin Sakkwato da Tsibiri, ƙauyuka cike da matan da yaƙi ya ɗaiɗaita. A cikin wannan hali Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'yan taru. Ba ta jira hanya ta yi lafiya ba, ba ta gina aji ko ɗaya ba. Ta zaɓi dattijan mata masu mutunci daga cikin ƙauyukan kansu ta naɗa su jajoji, ta ɗora masu malafa don kowa ya san matsayinsu, su ke jagorantar mata zuwa wurinta, su koma da karatu a cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, da harshen da mutane ke ji. Ta rasu a 1864, tsarin nata ya rayu bayanta shekaru aru-aru ba tare da dala ko ɗaya ba. Malamin tsangaya ma in gari ya tashi, da allunansa da almajiransa yake tashi, inda ya sauka nan makaranta ta sauka. Ita kanta gwamnati ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989 don malami ya bi ruga. Da an riƙe wannan hukuma da gaske, da wasu daga cikin samarin da ke rataye da bindiga a dajin nan yau wata sana'ar suke yi, don da yawansu bayan bikin 1999 ɗin nan aka haife su.

Su kuma tsare-tsaren otal, ransu a hannun baƙo yake. A 2025 gwamnatin Trump ta rufe hukumar USAID, ayyukanta suka tsaya cak, ciki har da na koyon karatu. A 2022 Abuja ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwambar 2025 ministan ilimi ya ce an soke, a koma Turanci. Yaron Gatawa da ko aji bai samu ba, ana can ana sauya masa harshen da za a koyar da shi.

Mu marubuta muna da haƙƙin yin wannan magana, don an daɗe ana ɗora mana laifin lalacewar ilimi. A 2007 har tara littattafanmu aka yi a Kano aka cinna masu wuta a gaban 'yan makaranta, wai mu ke hana 'yan mata karatu. Alhali mata nawa ne a ƙasar Hausa suka riƙe karatunsu bayan aure saboda littafin haya na naira biyar? Yarinyar da aka tasa daga ƙauyen Gatawa tana shekara shida, yau ta kai munzalin aure ko sunanta ba ta iya rubutawa. Wannan ba littafina ne ya ɓata ta ba, ba ta ma iya karanta bangonsa.

Saboda haka ga roƙona ga hukumar SUBEB ta jiha, da sakatarorin ilimi na Sabon Birni da Isa, da 'yan majalisar da muka zaɓa daga yankin. Rajistar makarantun gundumar Gatawa tana ofisoshinku. Ku fito da ita, ku rubuta da Hausa a takarda ɗaya: wace makaranta ce ke buɗe, wace ce ke rufe kuma tun yaushe, malaman da ke karɓar albashi da sunanta su nawa ne, yaranta suna wane gari yanzu, kuma wa aka tura ya koyar da su a can. Ku manna ta a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta ta a rediyon Rima, iyaye su ji su gyara maku inda kuka yi kuskure. Malaman yankin da ke leƙa wannan dandali kuma, duk wanda ya san halin da makarantarsa ke ciki ya rubuto mana ko da ba zai sa sunansa ba, za mu jera su nan gari bayan gari.

Wassalam. Labarinmu zai ci gaba mako mai zuwa in Allah ya kai mu.